WhatsApp, Wattpad, Facebook ko Gasa: Ina Sabon Marubuci Zai Fara Kai Rubutunsa?

Duk matashin da ya kammala labarinsa na farko, ko ya tara baitoci a waya har suka isa a nuna wa mutane, tambaya ɗaya ce ke tsaye a gabansa: ina zan kai shi? A da hanyoyin ba su da yawa. A 1933, lokacin da Hukumar Talifi ta Zariya ƙarƙashin Dokta Rupert East ta shirya gasar da ta haifar da ƙagaggun labaran Hausa na farko a rubutun boko, ƙofa ɗaya ce, ta hukuma. A tsakiyar shekarun 1980 matasan Kano suka buɗe wata, suka riƙa haɗa kuɗi suna buga littattafansu da kansu, suna kai wa 'yan kasuwa a bakin Bata da Sabon Gari. Yau kuwa wanda ke zaune a Gaya ko Tasawa ko Zangon Kumasi, muddin yana da waya da 'yar data, zai iya sakin labari bayan sallar isha'i, ya wayi gari mutane da yawa sun karanta.

Abu uku marubuci yake nema a wurin da zai kai rubutunsa: masu karatu, da mai gyara, da kuɗi. Babu dandali ɗaya a intanet da ke ba da ukun a lokaci guda. Inda masu karatu suka fi yawa a nan gyara ya fi ƙaranci, inda kuɗi ke saurin shigowa a nan ɓarayin rubutu suka fi zarya, inda kuma ake tsefe rubutu da gaske sau da yawa ba a samun ko sisi. Ra'ayina tun daga farko shi ne, ƙanina ko ƙanwata da ke shekarar farko ko ta biyu a rubutu, mai gyara ya fi bukata. Masu karatu za su zo, kuɗi ma yana iya zuwa, amma hannun da ya saba da kuskure yana da wuyar tanƙwarawa daga baya. Da wannan ma'aunin zan auna kowane wuri.

Mu fara da WhatsApp, don a can kasuwar take ci. Kaso mai yawa na littattafan Hausa da ake karantawa a waya ta nan suke bi, kuma mata ne suka fi yawa a masu rubutawa da masu karantawa. Tsarin sananne ne. Marubuciya za ta buɗe zaure, ta riƙa sakin shafi ɗaya kullum ko bayan kwana biyu, kyauta, har labarin ya kai inda ran mai karatu ya gama kamuwa, a ce an ɗaura auren da amarya ba ta so, ko an gano wadda ta sace jaririyar. A nan shafukan kyauta suke ƙarewa. Sai sanarwa ta biyo: mai son ci gaba ta tura ɗari uku ko ɗari biyar ko dubu ɗaya ta asusun banki ko ta katin waya, ta aiko da shaidar biya, a saka ta a zauren kuɗi. Mutanen Nijar kuma a ba su tasu lambar da za su tura sefa. Babu mawallafi a tsakani, babu ɗan kasuwar da zai riƙe kuɗin littafi wata shida, babu kuɗin takarda. Zaure ɗaya yana ɗaukar mutum 1024, kuma manhajar tana cikin wayar kowa, har uwar gidan da ba ta taɓa buɗe imel ba. Akwai matan aure da ɗalibai da ke biyan bukatunsu da wannan sana'a daga cikin ɗaki, kuma ban ga dalilin da zai sa a raina ta ba.

Sai dai a duba abin da tsarin yake yi wa rubutun kansa. Wadda ta yi alƙawarin shafi kullum, abin da ta yi taifin da rana shi za ta saki da dare. Daftarin farko shi ne na ƙarshe. Ba ta da damar komawa babi na uku ta gyara abin da ta gano a babi na ashirin cewa bai dace ba, don babi na uku ya riga ya zaga duniya. Sannan masu karatu suna cikin zauren tare da ita, suna da baki. Wannan ta ce a saki wance, waccan ta ce in aka kashe wane ta daina karantawa, wata ta ce labarin ya yi gajarta a kan kuɗin da ta biya. Marubuciyar da ba ta riga ta tsara ƙarshen labarinta ba sai ta bi su, labarin da shafi arba'in ya ishe shi ya kai ɗari da ashirin, a cika shi da kwalliya da girke-girke da kwatancen gidaje da motoci. Sharhin da ake yi a zaure kuwa sharhin taurari ne: "Allah ya isa tsakaninmu da Hajiya," "wallahi na yi kuka." Wannan yana da daɗi, kuma yana nuna labarin ya taɓa zuciya, amma babu wadda za ta ce miki jimlarki ta yi tsawo, ko kin maimaita kalma ɗaya sau biyar a sakin layi guda, ko tauraron da kika ce likita ne bai yi magana irin ta likita ba.

Ga kuma sata. Duk wanda ya saba da waɗannan littattafai ya san gargaɗin da ake rubutawa a saman kowane shafi: wannan littafin na kuɗi ne, wadda ta fitar min da shi ban yafe ba. Gargaɗin da kansa shaida ne cewa ana fitarwa. Mutum ɗaya cikin zauren kuɗi ya isa ya kwashe shafukan, ya haɗa su wuri guda, ya watsa a wasu zaurukan ko ya ɗora a shafin intanet mai tallace-tallace yana cin kuɗinsa. Wani ma ya canza sunan littafi da na taurari ya sa nasa. WhatsApp ba shi da wata hanya ta hana wannan, kuma ba ya ajiye miki shaidar da jama'a za su gani cewa ke kika fara rubutawa a rana kaza.

Akwai magana ɗaya da ba zan tsallake ba, ita ce ta batsa. Za a samu masu gaya wa sabuwar marubuciya cewa littafi ba ya sayuwa sai an sa irin waɗancan shafukan. Gaskiya ne suna kawo kuɗin gaggawa. Amma abin da aka saki a waya ba ya dawowa, yana kaiwa hannun yara 'yan sakandare, kuma sunan da aka san mutum da shi a kan wannan hanya yana bin sa har ranar da zai so a ɗauke shi da daraja. Marubuta da dama sun sayar da littattafai masu tsafta, sun kuma tara masoya da su.

Wattpad, manhajar da marubuta ke ɗora labaransu jama'a su karanta, wani yanayi ne daban. An kafa shi a Toronto ta Kanada a 2006, kamfanin Naver na Koriya ta Kudu ya saye shi a 2021, kuma marubutan Hausa sun daɗe da kafa sansani a cikinsa, ana gano su ta alamomin da suke liƙa wa littattafansu irin su hausa da hausanovel. Idan WhatsApp kasuwar ƙauye ce da ke ci ta watse, Wattpad kanti ne mai kanta: abin da ka ajiye yana nan inda ka ajiye shi. Babi na bin babi a jere, littafi yana da bango da taƙaitaccen bayani, wanda ya zo bayan shekara biyu zai fara daga shafin farko ba tare da ya roƙi kowa ya turo masa ba. Kana iya komawa ka gyara babin da ka riga ka saki. Mai karatu yana iya ajiye sharhi a gefen sakin layi ɗaya tak, ta haka za ka gane daidai wurin da mutane suka yi dariya ko suka rikice. Kuma kana ganin adadin waɗanda suka buɗe kowane babi. Wannan adadin malami ne da ba ya jin kunyarka: idan mutum dubu suka karanta babi na ɗaya, ɗari biyu kawai suka kai na huɗu, to akwai abin da ya kore su a tsakani, sai ka koma ka nemo shi.

Rauninsa biyu ne. Na farko, ga mai rubutu da Hausa kusan babu kuɗi a ciki, domin shirye-shiryen biyan marubuta na kamfanin ba da kasuwarmu aka gina su ba. Shi ya sa da yawa suke ɗora rabin littafi a can su ce a biyo su WhatsApp don ƙarasawa. Na biyu, sabon suna yana iya shafe watanni babu mai leƙowa, don ba kowa ke da manhajar ba, tallace-tallacen cikinta kuma suna cin data. Wanda ya shiga Wattpad sai ya zama shi ne mai tallan kansa a wasu wuraren. Duk da haka, ga mai rubuta dogon labari da ke son ya koyi tsara babi da riƙe zaren labari, na fi son sa da nan a kan zaure.

Facebook ba na littafi ba ne. Wanda ya gwada sakin dogon labari kashi-kashi a can ya san wahalar: mai karatu ya ci karo da kashi na goma sha biyu, ya nemi na ɗaya ya rasa, ya haƙura. Amfaninsa yana ga gajeren abu, wato labari mai zama ɗaya, ko waƙa, ko tsokaci. Yana kuma da wani abin da sauran ba su da shi: a can ne malaman jami'a na sassan Hausa da tsofaffin marubuta da 'yan jarida suke zaune a fili, ana iya karanta muhawararsu, ana iya yi musu tambaya da ladabi su amsa. Ƙungiyar Poetic Wednesdays, wadda ta tara matasan mawaƙan Arewa da dama, ta wannan hanyar ta bunƙasa, ana sakin waƙoƙi duk ranar Laraba. Abin kiyayewa shi ne kada "masha Allah" ɗari ta sa ka ɗauka ka iso. Abokanka ne suke yabonka, kuma suna yi ne don suna ƙaunarka.

Sai manhajojin sayar da littafi. ArewaBooks an gina ta ne musamman don masu rubutu da karatun Hausa: marubuci ya ɗora littafinsa ya sa masa farashi, mai karatu ya zuba kuɗi a asusunsa na manhajar ya buɗe ya karanta a ciki. Wannan ya rage wahalar bin shaidar biya ɗaya bayan ɗaya, ya kuma sa kwafe rubutu ya fi wuya, ko da yake mai niyyar sata ba ya rasa dabara. Akwai kuma Selar, inda ake sayar da littafi a matsayin fayil, a biya da naira. Kafin ka ɗora komai a irin waɗannan wurare, karanta sharuɗɗansu da idonka: kashi nawa suke cira, yaushe ake fitar da kuɗi, kana da ikon sauke littafinka duk ranar da ka so, kuma sun hana ka sayar da shi a wani wuri ko ba su hana ba. Kada kuma a manta da OkadaBooks. An kafa ta a 2013, marubutan Hausa da yawa sun sayar da littattafai a cikinta, ta rufe a ƙarshen Nuwamban 2023. Wanda kwafin littafinsa ɗaya tilo yana can, ko duk masu karatunsa ta can kawai suka san shi, ya ji a jikinsa. Manhaja ta wani ce, ranar da ya rufe ba zai yi shawara da kai ba. Kuma kantin sayarwa na wanda ya riga ya tara masu saye ne. Sabon da ba a san shi ba, in ya sa wa littafinsa na farko kuɗi, yawanci shiru zai ji.

YouTube ya ɗauko al'adar da gidajen rediyon Arewa suka daɗe da ita ta karanta littafi a ji. Tashoshi da yawa suna karanta littattafan Hausa, suna kai su ga direba da tela da tsohuwar da idonta ya raunana. Kafin tasha ta fara samun cikakken kuɗin talla sai ta tara mabiya 1000 da awa 4000 na kallo cikin wata goma sha biyu, don haka buɗe taka tashar aiki ne mai tsawo. Idan mai tasha ya nemi ya karanta littafinka, ku rubuta yarjejeniya ko da a saƙon waya ne: nawa zai biya, na tsawon wane lokaci, zai ambaci sunanka a kowane kashi, kuma izinin karantawa kawai ka ba shi, ba ka sayar masa da labarin ya je ya yi fim da shi ba.

Yanzu ga hanyar da na fi ba sabon marubuci shawarar ya fara bi, wato gasa. Ba don kyautar ba, domin mutum uku ne kawai za su ci cikin ɗaruruwa. Dalilina shi ne gasa ce kaɗai a cikin duk waɗannan hanyoyi take tilasta maka abin da ba ka so: ka gama, ka rage, ka gyara, ka miƙa wa wanda bai san ka ba. Ɗauki Hikayata, gasar gajerun labarai ta mata da Sashen Hausa na BBC ya fara a 2016. Ana neman labari mai kalma 1000 zuwa 1500. Wadda ta saba da sakin shafi ɗari, ranar da ta zauna ta matse labari cikin kalma 1500 za ta gano cewa gaisuwar safe mai layi goma ba ta da gurbi, cewa dole labari ya fara daga inda rikici ya fara, cewa tauraro uku sun isa. Wannan darasi ne da babu zauren da zai koya mata. Bayan ukun farko ana zaɓar wasu labarai 12 da suka cancanci yabo a karanta su a rediyo, kuma gasar ba ta 'yan Najeriya kaɗai ba ce, don a 2022 Amira Souley daga Jamhuriyar Nijar ce ta zo ta ɗaya. Labaran da suka yi nasara a shekarun baya ana samun su a shafukan BBC Hausa, sauraron su da alƙalami a hannu makaranta ce kyauta.

Maza ba su da gurbi a Hikayata, amma ba ita kaɗai ba ce. Cibiyar Gusau da ke Kaduna tana shirya gasar marubuta Hausa, jaridar Aminiya ma ta taɓa shirya tata ta gajerun labarai, ƙungiyoyin marubuta kuma suna yin nasu ƙanana lokaci zuwa lokaci. Mai rubutu da Ingilishi yana da gasar gajeren labari ta Ƙungiyar Ƙasashe Rainon Ingila, wadda ake buɗewa a farkon Satumba a rufe a farkon Nuwamba, kalma 2000 zuwa 5000, shiga kyauta, kuma tana karɓar labarin da aka fassara zuwa Ingilishi daga wani harshe. 'Yan Najeriya da Gana da Kamaru suna iya shiga. Abu ɗaya ya haɗa kusan dukkan gasanni: ba sa karɓar labarin da aka riga aka wallafa, kuma sakin sa a Facebook ko a zaure wallafawa ne. Don haka labarin da ka ware wa gasa, ɓoye shi, mutum biyu ko uku da ka amince da su kaɗai za su gani. Gasar da ta nemi kuɗin shiga mai yawa, ba ta faɗi sunayen alƙalanta ba, ba a kuma san waɗanda suka ci ta a baya ba, bar ta.

Inda gasa ta gaza shi ne ba ta gaya maka dalilin faɗuwarka. Wannan gurbin mutane ne suke cike shi, ba manhaja ba. Ƙungiyar Marubuta ta Najeriya, ANA, wadda aka kafa a 1981, tana da rassa a jihohi, reshen Kano kuma ya daɗe yana zaman karatu inda matashi zai tashi ya karanta abin da ya rubuta a feɗe shi a gabansa. Bikin littattafai da fasahar Hausa na HIBAF, da aka fara a Kaduna a 2021, yana haɗa sababbi da tsofaffin hannu. Wanda yake nesa da waɗannan yana iya kafa nasa a waya: mutum biyar ko shida, ba ɗari biyar ba, kowa ya kawo shafi biyu a mako, da sharaɗin cewa duk mai sharhi sai ya nuna abu biyu da ba su yi ba kafin ya yaba. A nan WhatsApp ɗin da na soka a sama yake zama mafi amfani a cikin duka.

Mawaƙi kuwa lissafinsa daban ne, kuma a nan na fi ganin ana ɓata. Rubutacciyar waƙar Hausa tana tafiya a kan kari da amsa-amo, karin kuma ya dogara ne da nauyin gaɓa, wace ce doguwa wace ce gajeriya. Matsalar ita ce rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali. Ido ba ya ganin karyewar kari, kunne ne yake ji. Ga ɗango ɗaya, wato layi ɗaya na waƙa, da na shirya don misali:

Karatu da sauƙi, rubutu da aiki

Furta shi a hankali. Ka-raa-tuu, gajeriya da dogaye biyu. Da sau-ƙii, haka. Ru-buu-tuu, haka. Da ai-kii, haka. Ƙafa huɗu iri ɗaya, wannan shi ne karin mutaƙarab, ɗaya daga cikin karuruwan da malamanmu suka ɗauko daga aruli, wato ilimin auna waƙar Larabci, suka hora su da Hausa. Yanzu cire "aiki" ka sa "wahala". Ma'ana ba ta canza ba, a rubuce ma babu wanda zai ga aibu, amma rera shi ka ji yadda harshe yake tuntuɓe a ƙarshe, domin wa da ha duka gajeru ne. Waƙar da aka liƙa a Facebook da irin wannan karaya za ta sha yabo, babu mai tankawa. Amma in ka rera ta a saƙon murya ka tura wa wanda ya san waƙa, kafin ka kai baiti na biyu ya tsayar da kai. Saboda haka ga mai waƙar Hausa, Wattpad kusan ba shi da amfani, Facebook allon talla ne, ainihin makarantar tana cikin murya: saƙon murya zuwa ga malami, da sauraron rerawar tsofaffin waƙoƙi da ake samu a YouTube, ana bin su da rubutu a hannu. Ka fara da ƙwar biyu, wato baiti mai ɗango biyu, har amsa-amonka ya zauna, kafin ka haura zuwa ƙwar huɗu ko ƙwar biyar inda za ka riƙe ƙaramin amsa-amo a cikin baiti da babba a ƙarshensa. Mai waƙar baka ta zamani da ake karantawa a dandamali, ko da Hausa ko da Ingilishi, shi gajeren bidiyo ne kasuwarsa, TikTok ko Instagram, amma shi ma ya rubuta ya gyara kafin ya kunna kyamara. Ranar Waƙa ta Duniya, 21 ga Maris, da Ranar Hausa ta Duniya, 26 ga Agusta, lokuta ne da jama'a ke neman waƙa da kansu, sai a shirya musu tun da wuri.

Ko wace ƙofa ka zaɓa, akwai kayan aikin da ba su da madadi, kuma duk kyauta ne. Ka shiga saitin allon rubutu na Gboard ka ƙara Hausa, don ka samu ƙ da ɗ da ɓ. Alƙalan gasa suna lura da wanda ya rubuta ƙafa a matsayin kafa. Ka koyi raba kalma da haɗe ta: "ya ce" ba "yace" ba, "shi ne" ba "shine" ba, amma "gidansa" a haɗe. Ƙamusun Bargery na 1934 yana intanet ana bincika shi, kuma yana nuna tsawon wasali da karin sauti, abin da mawaƙi yake matuƙar bukata. Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006, wanda ke bayanin Hausa da Hausa, ya cancanci a nemi kwafinsa a ajiye. Shafin Amsoshi yana ɗauke da maƙalu masu yawa kan adabi da nahawu da al'ada. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira suna iya taimaka maka da bincike, amma Hausarsu tana ɗauke da ƙamshin fassara, ba sa jin kari, kuma labarin da na'ura ta rubuta ba naka ba ne da za ka kai gasa.

Kada ka yi taifin kai tsaye a cikin WhatsApp. Rubuta a manhajar rubutu irin Google Docs ko WPS, ka ajiye kwafi a Google Drive, wanda ke ba kowa gigabait 15 kyauta, ka kuma tura wa kanka kammalallen daftari ta imel kafin ka saki ko shafi ɗaya. Waya tana faɗawa ruwa, ana ƙwace ta, ana yin kutse a asusu. Imel ɗin kuma yana ɗauke da kwanan wata, zai taimake ka ranar da wani ya ce labarin nasa ne. A dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, rubutu yana zama mallakarka tun daga lokacin da ka rubuta shi, ba sai ka yi rajista ba, amma Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka tana karɓar rajista ga mai son ƙarin shaida. A Nijar hukumar BNDA ce ke kula da wannan. Mai niyyar buga littafi a takarda kuma, lambar shaidar littafi ta ISBN, a Najeriya daga Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa ake karɓar ta.

Saura azuzuwan koyon rubutu na kuɗi da suka yawaita a WhatsApp da Telegram. Wasu suna da amfani sosai, wasu kuwa bayanan da aka kwafo ne ake turo wa mutum ɗari biyu a zaure ɗaya. Kafin ki biya, ƙanwata, ki tambayi abu uku: me malamin ya rubuta da za ki iya karantawa yau, mutum nawa ne a ajin, kuma zai karanta rubutunki ke kanki ya mayar miki da gyara a rubuce? Idan amsar ta ukun a'a ce, kuɗin ya fi amfani a data da sayen littattafai biyu masu kyau.